Ƙishin Inuwa

Ranar da motar asibiti ta zo ɗaukar Doreen,
makullin ƙofar baya kawai ta damƙa mini.
Ta ce, "Gambo, furena astilbi.
Tana gindin katanga, ƙarƙashin bishiyar tuffa.
Kada ka bari ta bushe."

Na yi dariyar ciki.
Ni da na yi shekara goma sha ɗaya a fadamar Kura
tsakanin albasa da attaruhu, laka har gwiwa,
ni za a koya wa ban ruwa?
A Bradford kuma,
garin da sama ke yoyo kamar tsohon kwanon rufi?
Shukar ma a inuwa take kwance.
Ina na cikin inuwa ya san ƙishi?

Kwana tara ban leƙa ba.
Aikin dare a rumbun kaya, barcin rana,
yayyafi kullum yana ƙwanƙwasa gilashin taga
yana cewa kwanta abinka, na fanshe ka.

Ran na goma na murɗa makulli.
Bakin ganye ya ƙone, ya nannaɗe
kamar takardar da ta matsa kusa da fitila.
Tukkun furen, mai ruwan hoda, ya sunkuyar da kai.
Na cusa yatsa a ƙasa har gaɓa ta biyu,
na zaro shi fes, sai ƙura kamar garin kwaki.
Ashe tuffa ta tare yayyafi da ganyenta,
ɗan abin da ya zubo, saiwarta ta rigaye ta shanye,
na gefe kuwa katanga ta hana.
Mai ba ta inuwa shi ke cin rabonta.

Na je asibiti da ayaba a leda da kunya a fuska.
Doreen ba ta yi faɗa ba.
Ta ce, "Ba wanka ake mata ba, shayar da ita ake.
Da sassafe, a gindi, kada ka jiƙa ganye.
Ka zuba, ka tsaya, ƙasa ta haɗiye, ka ƙara.
Kada ta zama kududdufi, saiwa ruɓewa take.
Danshi nake so, irin na soson da aka matse.
Ruwan gangar nan na bakin indararo ya fi mata daɗi.
In ka gama ka lulluɓa mata ruɓaɓɓen ganye."
Ta nisa.
"Ba ta da baki ne, shi ne ciwonta."

Kofin ruwanta na kan tebur, cike,
taki ɗaya gaba da inda hannunta ke kaiwa.
Na ɗauka na miƙa mata.
Ta shanye bai ko taɓa ƙasa ba.
Shekara shida katanga ɗaya ta raba mu,
ina kwana nake jefa mata ta sama in wuce.

Yanzu in na sauko daga motar ƙarfe shida,
kafin in cire takalmin aiki
sai in bi ta lungu in cika buta a ganga.
In tsuguna.
Ruwan na shiga da ɗan sauti, kamar tsoho na kurɓar koko.
Dodon koɗi biyu na tarar jiya a kan bulo,
na kai su can bayan shara, na ce su nemi wani gida.

Ganyen da ya ƙone ba ya komawa kore,
na bi shi da almakashi.
Amma a tsakiya wani ɗan tofo ya leƙo,
jaja-jaja, a dunƙule kamar hannun jariri.

Na kai mata hotonsa a waya.
Ta daɗe tana dubawa, tabarau a kan hanci.
Ta ce bana kam fure ya wuce,
in sanyi ya zo ma za ta kwanta ƙurmus kamar ta mutu,
kada in tone, tana nan a ƙasa.
"Sai baɗi," in ji ta.

Likita bai faɗi ranar sallama ba tukuna.
Makullin na aljihuna, haɗe da nawa.
Yau ma an yi yayyafi tun asuba.
Na dai je na cusa yatsa.